Tambayi Likita: Lambobin Gwajin Jini da Tarin Fuka na Huhu

Wasiƙu biyar daga cikin waɗanda suka iso wannan shafi a 'yan makonnin nan sun faɗa a kan abu guda, wato gwaje-gwajen tarin fuka da takardar sakamako da ake miƙa wa mai ciwon ko danginsa, ɗauke da haruffa irin su ADA da LDH da ALT, da lambobi a gabansu waɗanda ba kasafai ake zama a yi wa mutum bayaninsu ba. Na haɗa su wuri ɗaya domin amsar kowace tana jingine da ta 'yar uwarta. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunayen masu su.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana yana shan maganin tarin fuka na huhu, yau wata biyu da 'yan kwanaki. Lokacin da aka gano ciwon an ɗebi jininsa an auna wani abu da aka rubuta ADA, aka samu 46. Makon jiya an sake aunawa, ya dawo 24. Tari ya lafa, gumin dare ya tsaya, yana cin abinci har ya fara mayar da jiki. Yanzu yana cewa tunda jini ya nuna ciwon ya sauka, bai ga dalilin ci gaba da haɗiyar ƙwayoyi har wata huɗu nan gaba ba. Mene ne wannan ADA, kuma gaskiya ne ya nuna an warke?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar uwa, Allah ya ƙara masa sauƙi. Zan fara da abin da ba ya jira: kada maigida ya ajiye maganin nan ko na kwana ɗaya, har sai wa'adin da aka ɗibar masa ya cika kuma gwajin kaki ya tabbatar da warkewa. Saukar lambar daga 46 zuwa 24 labari ne mai daɗi, ya kuma dace da abin da kike gani da idonki, amma wannan lamba ba ta ƙirga ƙwayoyin cutar da suka rage a huhunsa.

ADA gajeren sunan wani inzayim ne da ake kira adinosin diyaminez. Inzayim kuwa furotin ne da jiki ke ƙerawa domin ya hanzarta wani aiki guda na sarrafa sinadarai, aikin da idan babu shi zai yi ta jan ƙafa ko ma ya gagara. Kowane inzayim da nasa aikin, kuma mafi yawansu a cikin ƙwayoyin halittar jiki suke zaune, abin da ke yawo a jini kaɗan ne. Saboda haka idan aka tarar wani ya yi yawa a jini, ɗayan biyu ne ya faru: ko ƙwayoyin halittar da ke ɗauke da shi sun fashe sun zubar da shi, ko kuma waɗanda ke ƙera shi sun yawaita kuma sun duƙufa da aiki. Lamarin ADA ya fi karkata ga na biyun. Aikinsa shi ne ya juya wani sinadari mai suna adinosin ya koma inosin, kuma fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne dakarun garkuwar jiki, ba sa iya hayayyafa yadda ya kamata sai da shi. An ga girman matsayinsa a shekarar 1972, lokacin da wata likita Ba'amurkiya, Eloise Giblett, ta gano cewa wasu yara biyu da garkuwar jikinsu ta gaza tun daga haihuwa ba su da wannan inzayim sam.

Nau'insa biyu ne, kuma wanda ya fi yawa a ruwan jini, wato ADA2, manyan fararen ƙwayoyin nan masu haɗiye ƙwayar cuta ne ke fitar da shi, waɗanda likitoci ke kira makrofaj. To ƙwayar cutar tarin fuka, wadda Robert Koch ya bayyana wa duniya a birnin Balin ranar 24 ga Maris 1882, a cikin waɗannan makrofaj ɗin take samun mafaka. Sukan haɗiye ta su kasa narkar da ita, sai su yi ta kiran 'yan uwansu har a taru a yi wa wurin ƙawanya. Gwargwadon zafin wannan fafatawa, gwargwadon hawan ADA a jini. Ki ɗauke shi a matsayin ƙurar da faɗan ya tayar, wadda takan lafa idan magani ya karya lagon cutar.

Sai dai lafawar ƙura ba ta nufin abokin gaba ya ƙare, domin ƙwayoyin cutar da ke huhun mai tarin fuka ba hali ɗaya suke ciki ba. Akwai masu hayayyafa da sauri a bangon kogon da cutar ta haƙa a huhu, inda iska ke isa gare su, kuma su ne maganin isoniyazid ke karkashewa a makonnin farko, shi ya sa zazzaɓi ke sauka, mutum ya ji kamar an sauke masa kaya. Akwai kuma waɗanda suka laɓe a cikin mataccen nama suka yi likimo, ba sa motsawa sai jefi-jefi, magani kuwa ya fi kama ƙwayar cuta a lokacin da take motsi. Ko a lokacin da take kan ganiyarta, ƙwayar tarin fuka takan ɗauki awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu biyu, alhali wasu ƙwayoyin cuta na hanji minti 20 ya ishe su. Masu likimon nan ba su kai yawan da za su tayar da hankalin garkuwar jiki har ADA ya hau ba, amma sun isa su dawo da ciwon ɗungurungum. Su ake bi da rifamfisin da isoniyazid a wata huɗun ƙarshe, bayan wata biyun farko da ake haɗa magunguna huɗu, wato waɗannan biyu da firazinamid da itambutol. Wanda ya tsaya a wata na biyu ya kashe maciji ne bai sare kansa ba. Wanda kuma ke sha yau ya bari gobe yana cikin haɗarin renon ƙwayar da ba ta jin magani, wadda sai an koma wasu magunguna daban, wani lokaci har na tsawon wata goma sha takwas ko fiye.

Akwai dalili na biyu da ya sa ba na son iyali su ɗora hukunci a kan wannan lamba. ADA na jini yakan hau a zazzaɓin taifod, da kumburin hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon suga da ba a shawo kansa ba, da wasu cututtukan gaɓɓai, da sankarar ƙwayoyin jini, saboda duk abin da ya tayar da fararen ƙwayoyin jini zai iya ɗaga shi. Ɗakunan gwaji ma ba hanya ɗaya suke bi wajen auna shi ba. A tsohuwar hanyar da wani masani ɗan Italiya, Giusti, ya tsara a 1974, akan haɗa ruwan jinin da adinosin a bar shi ya yi aiki, sannan a zuba wani sinadari da ke rina amoniyar da aikin inzayim ɗin ya fitar zuwa shuɗi, sai a karanta duhun shuɗin da na'ura. Sababbin na'urori wata hanya suke bi, lambobinsu kuma ba lallai su zo daidai da na tsohuwar ba. Idan ba ɗaki ɗaya ne ya yi gwaji biyun maigida ba, kwatanta 46 da 24 ma yana da rauni.

Abin da likitansa zai dogara da shi shi ne kaki, wanda ake dubawa a madubin likita a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida, sai kuma nauyin jikinsa a sikeli da yadda tari da zazzaɓi suke. Tunda ya cika wata biyu, lokacin gwajin farko ya yi. Idan ba a karɓi kakinsa ba tukuna, ku tuna wa ma'aikatan asibitin a zuwanku na gaba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni magidanci ne mai shekara 52, mako biyar ke nan da na fara maganin tarin fuka. Kwana huɗu da suka wuce na fara jin tashin zuciya, abinci ya fita kaina, ɗiyata kuma ta ce idona ya soma yin rawaya. An yi mini gwajin hanta, ALT ya nuna 310, a gefen takardar kuma an rubuta cewa bai kamata ya wuce 40 ba. Ranar ganin likitana sai nan da mako biyu. Shin tarin ne ya ƙara ƙarfi, in ƙara dagewa da maganin?

Amsa: Malam, wannan wasiƙa ban jira fitowar mujalla ba, na amsa ta ranar da ta iso, ina kuma maimaita amsar a nan domin duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali. Ka dakatar da ƙwayoyin, ka je asibitin da ke kula da kai yau, da takardar gwajin a hannunka, kada ka jira ranar da aka ba ka. Na san a amsar da ta gabata na hana wani ajiye magani ko na kwana ɗaya. Rawayar ido tare da irin wannan lamba na cikin 'yan dalilan da suke halatta dakatarwa, kuma ko ita da sharaɗin likita ya karɓi ragama nan take.

ALT da ɗan uwansa AST a cikin ƙwayoyin halittar hanta suke zaune, ba sa malalowa jini da yawa sai hanta ta ji rauni, don haka ba su da abin faɗa game da ƙarfin tarin a huhu. Uku daga cikin magunguna huɗun da kake sha, wato firazinamid da isoniyazid da rifamfisin, hanta ce ke sarrafa su kuma kowanne yana iya yi mata illa, yawanci a wata biyun farko. Mutane da dama ALT ɗinsu yakan ɗan ɗaga ba tare da sun ji komai ba, ya kuma sauka da kansa ana ci gaba da magani. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce a dakatar idan ya ninka iyakarsa sau biyar ko da babu wata alama, ko sau uku idan akwai tashin zuciya, amai, ciwon ciki ko shawara. A takardarka, ninki uku shi ne 120, ninki biyar kuma 200. Kai kana 310, ga kuma rawayar ido a kai.

A asibiti za su auna sinadarin da ke rina ido, su duba ko kana ɗauke da ciwon hanta nau'in B ko C, su kuma tambaye ka duk abin da kake sha bayan maganin tarin. Ka faɗa musu gaskiya ko da abin ya yi maka nauyi a baki, domin barasa, da jiƙe-jiƙe, da yawan shan farasitamol duk suna ƙara wa hanta kaya. Wasu kuma halittarsu ce haka: akwai wani inzayim na hanta mai suna NAT2 da ke sarrafa isoniyazid, wanda a jikin wasu mutane yake aiki a hankali saboda gado, kuma irin waɗannan sun fi saurin samun wannan illa. Idan hanta ta huce, ALT ya sauko ƙasa da ninki biyu na iyakarsa, akan dawo da magungunan ɗaya bayan ɗaya, galibi a fara da rifamfisin, a biyo da isoniyazid bayan 'yan kwanaki ana bibiyar jinin. Idan raunin ya yi tsanani akan bar firazinamid gaba ɗaya, a tsawaita maganin zuwa wata tara. Wanda tarinsa ya yi tsananin da ba za a iya barinsa haka ba akan riƙe shi da wasu magunguna da ba sa taɓa hanta kafin ta farfaɗo.

Ga sauran masu shan maganin, kada a rikita wannan da launin ruwan goro da rifamfisin ke sa wa fitsari da hawaye da gumi. Wancan launin maganin ne kawai, ba ya cutarwa. Abin dubawa shi ne farin ido a hasken rana, kuma na gida sun fi mai ciwon saurin lura da shi, kamar yadda ɗiyar wannan malami ta yi.

Tambaya: Likita, tari ya kai mini mako uku, ina kuma zazzaɓin yamma. Wani ya ce mini akwai gwajin jini da ke nuna tarin fuka nan take, ba sai an sha wahalar kawo kaki ba. In je in yi shi?

Amsa: Kada ka yi, ɗan uwa. Babu gwajin jini guda da ke tabbatar da tarin fuka na huhu. Irin wanda aka kwatanta maka, mai neman sinadaran kariya da jiki ke yi wa ƙwayar cutar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da amfani da shi tun watan Yuli na 2011, saboda yana wanke masu ciwo, yana kuma ɗora wa lafiyayyu ciwon da ba su da shi. Akwai wani gwajin jini na daban mai inganci, IGRA, da kuma gwajin fata, amma iyakar abin da suke nunawa shi ne jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar, alhali kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun haɗu da ita, mafi yawansu kuma ba za su taɓa kwantawa ciwon ba. CRP, wani furotin da ke hawa a jini idan akwai kumburi a jiki, wanda hukumar ta amince da shi a 2021 don tace masu cuta mai karya garkuwar jiki idan ya haura miligiram 5 a lita, nuni kawai yake yi cewa a je a yi gwajin kaki. ADA na jini da LDH, wani inzayim da ƙwayoyin halitta ke zubarwa idan sun lalace, su ma ba su wuce nan ba.

Ka je a gwada kakinka a na'urar GeneXpert, wadda hukumar ta amince da ita a Disamban 2010. Cikin kimanin awa biyu take gano ƙwayar, ta kuma nuna ko tana jin rifamfisin. Ka kurkure baki da ruwa, ka fita fili nesa da mutane, ka ja dogon numfashi sau biyu ko uku, sannan ka yi tari daga can cikin ƙirji, domin miyau ba ya wadatarwa.

Tambaya: Likita, mahaifiyata ta yi fama da ciwon haƙarƙari da sarƙewar numfashi, hoton ƙirji ya nuna ruwa ya taru a gefen dama. An zuƙo ruwan da allura, aka ce ADA ɗinsa 78 ne, amma ba a ga ƙwayar tarin fuka a ruwan ba, ba a kuma gan ta a kaki ba. Duk da haka an ɗora ta a kan magani na wata shida. Hankalina bai kwanta ba. Yaya za a yi maganin cutar da ba a gani ba?

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya, ya kuma saka maka da kulawar da kake yi mata. Damuwarka tana kan hanya, amma bisa abin da ka rubuta, likitocinta ba su yi gaggawa ba. Nan ne wurin da ADA ya fi amfani a duk harkar tarin fuka, kuma darajarsa a wannan ruwa ta fi darajarsa a jini nesa ba kusa ba.

Huhu yana lulluɓe da tantani mai ninki biyu, ɗaya manne da shi, ɗaya manne da bangon ƙirji. Idan wani ɗan gurbin cutar da ke gefen huhu ya fashe zuwa tsakaninsu, ƙwayoyi kaɗan ne ke shiga, amma garkuwar jiki takan yi musu martani mai zafi, ruwa ya taru har ya kai lita ko fiye. Wanda ya taɓa ganin an zuƙo shi ya san kamanninsa: rawaya-rawaya ne garau, wani lokaci idan ya jima a kwalba sai wata siririyar yana kamar saƙar gizo ta bayyana a cikinsa. Madubin likita yana bukatar ƙwayoyi 5,000 zuwa 10,000 a kowace mililita kafin ya gan su, shi ya sa a irin wannan ruwa ko mutum ɗaya cikin goma ba a cika ganin ƙwayar ba. Fararen ƙwayoyin jinin da suka yi dafifi a wurin kuwa suna nan birjik, ADA ɗin da suka zuba yana tare a wuri guda, bai gauraya da abin da hanta ko hanji suka zuba ba kamar yadda yake faruwa a jini. Wasu likitoci a Italiya ne suka nuna amfanin wannan awo a 1978, kuma bincike masu yawa da suka biyo baya sun nuna cewa idan aka sa iyaka a wajen 40, gwajin yana kama kimanin tara cikin goma na masu wannan ciwo, yana kuma wanke kimanin tara cikin goma na waɗanda ruwansu wani abu ne ya kawo shi.

Wannan ragowar ɗaya cikin goma ita ce dalilin da ya sa likita ba ya tsayawa a lambar kaɗai. Ruwan da ya zama mugunya sanadin limoniya, da sankarar ƙwayoyin jini, da wani nau'in ciwon gaɓɓai, duk suna iya ɗaga ADA sama da 40. Don haka akan duba wane irin fararen ƙwayoyi ne suka fi yawa a ruwan, domin a tarin fuka ƙananan nan da ake kira limfosait su ke rinjaye. Akan kuma auna furotin da LDH na ruwan a kwatanta da na jini, bisa ma'aunin da Richard Light ya fitar a 1972, don a bambance ruwan kumburi da ruwan da ciwon zuciya ko na ƙoda ke tarawa. Ka tambayi likitan Mama abin da waɗannan suka nuna, haƙƙinku ne ku sani. Irin wannan ruwa yakan janye da kansa ko ba magani, abin da ke sa wasu su saki jiki, amma bayanan da aka tattara kafin samuwar magunguna sun nuna kusan rabin irin waɗannan mutane, ko fiye, tarin fuka ya bayyana musu sosai cikin shekara biyar. Idan ta yi wata biyu tana shan magani ruwan bai ragu ba, ko tana ci gaba da ramewa, sai a sake bincike, har a ɗebi ɗan yankin tantanin a duba.

Tambaya: Malam Likita, ni ɗalibi ne a fannin gwaje-gwajen asibiti. Ina son in san waɗanne inzayim ne a jini suke nuna yadda tarin fuka ke cin huhu, kuma me ya sa har yanzu ba a sa su cikin gwajin yau da kullum ba.

Amsa: Tambayarka ta taɓa abin da ya daɗe yana damun masu wannan aiki. Kaki yana gaya mana ko ƙwayar tana nan, amma yara ƙanana da waɗanda suka galabaita ba sa iya kawo shi, renon ƙwayar a ɗakin gwaji yakan ci har mako shida zuwa takwas a tsohuwar hanya, GeneXpert kuma ba ta dace da bibiyar magani ba tunda tana karanta burbushin matattun ƙwayoyi watanni bayan sun mutu. Da za a samu abu guda a jini da ke hawa da sauka tare da ciwon, da an huta.

Wanda ka fi sani shi ne LDH. Yana cikin kusan kowace ƙwayar halitta, nau'insa biyar, na uku shi ya fi yawa a huhu, na ɗaya da na biyu a zuciya da jajayen ƙwayoyin jini, na biyar a hanta da tsoka. Yakan hau idan tarin ya bazu ko ya yi ɓarna mai yawa, amma jimillarsa ba ta faɗin inda ɓarnar take. Akwai laisozayim, wanda Alexander Fleming ya bayyana a 1922, da makrofaj ke fitarwa, da kuma HO-1, mai warware sinadarin da ke ba jini launinsa, wanda aka ga yana hawa a masu tarin fuka yana sauka da magani. Dukansu matsalarsu guda ce, wasu cututtukan ma suna ɗaga su.

Waɗanda a ganina suka fi cancantar ka ba su lokacinka su ne dangin MMP, domin su ba shaidu kaɗai ba ne, da hannunsu ake yin ɓarnar. Huhu yana tsaye ne a kan zaruruwan wani furotin mai ƙarfi, kolajin, kamar yadda saƙa ke tsaye a kan zarenta, kuma inzayim kaɗan ne ke iya tsinka shi. MMP-1 da makrofaj da ƙwayoyin bangon huhu ke fitarwa, da MMP-8 da wasu fararen ƙwayoyi masu suna niyutrofil ke ɗauke da shi, suna cikin waɗannan kaɗan, kuma dukansu da sinadarin zink suke aiki. A lafiyayyen jiki akwai masu taka musu birki, waɗanda ake kira TIMP. Ƙwayar tarin fuka takan sa a yi ta zuba MMP ba tare da masu birkin sun ƙaru daidai da su ba, sai zaruruwan su tsintsinke, mataccen naman ya zube cikin hanyar iska, kogo ya buɗe. A wannan kogo ƙwayar ke hayayyafa da miliyoyi, daga nan kuma tari ke watsa ta ga wasu. A 2011 Paul Elkington da abokan aikinsa a Landan sun nuna cewa ɓerayen da aka sa wa MMP-1 irin na ɗan Adam huhunsu ya fi lalacewa idan suka kamu. Wannan ya kuma taimaka wajen fahimtar abin da likitoci suka daɗe suna gani, cewa masu cuta mai karya garkuwar jiki da ta yi nisa ba su cika yin kogo ba duk da ƙwayar ta yi musu yawa, saboda martanin da ke zuba MMP ya raunana a jikinsu. Ina ba wannan muhimmanci ne don mutanen da suka gama wata shida, kakinsu ya wanke, amma suka rage da haki da tari saboda tabon da ya zauna. Maganin kashe ƙwayar ba ya mayar da zaren da ya tsinke.

Wani maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doksisaikilin yana rage aikin MMP, kuma wani ƙaramin gwaji da aka yi a Singafo da mutum 30, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna ƙara shi na mako biyu a kan maganin tarin ya rage waɗannan inzayim a kaki, ya kuma rage girman kogo. Mutum 30 ba su isa a canza ƙa'idar magani ba, don haka kada wani mai karatu ya sayo shi ya haɗa da kansa.

Dalilan da suka hana su shiga gwajin yau da kullum, ban da rashin keɓantuwa da cuta ɗaya, sun haɗa da rashin iyakar lamba da aka yi ittifaƙi a kanta, da ƙarancin mutanen da aka gwada a yawancin binciken, da kuma abin da ya shafi aikinka kai tsaye, wato yadda ake ɗibar jinin. MMP-8 da MMP-9 sukan fito da yawa a siram, wato ruwan jinin da aka bari ya daskare, fiye da filazma, wato ruwan jinin da aka hana daskarewa, domin yayin da jini ke daskarewa a kwalba ƙwayoyinsa suna ci gaba da zuba su, saboda haka ba a kwatanta sakamakon ɗaya da na ɗayan. LDH kuwa jajayen ƙwayoyin jini suna ɗauke da shi fiye da ninki ɗari na abin da ke ruwan jini. Na taɓa karɓar sakamakon wata mara lafiya da ke samun sauƙi, LDH ɗinta ya yi tashin gwauron zabo har muka fara tunanin ciwon ya bazu. Da na je na ɗaga kwalbar a haske, sai na ga ruwan da ya kamata ya zama rawaya garau ya yi ja-ja. An ɗebi jinin ne da siririyar allura, aka kuma matsa shi da ƙarfi ta cikin allurar zuwa kwalba, jajayen ƙwayoyin suka farfashe. Da aka sake ɗiba a natse, lambar ta dawo kusa da daidai. Idan irin wannan kwalba ta zo hannunka, ka rubuta a takarda cewa jinin ya fashe, ka nemi a sake ɗiba kafin ka fitar da sakamako.